Ɗakin Barci a Hanyar Afiya: Yadda Ikilisiya Ta Sami Makabartarta



Karatu: Ayyukan Manzanni 5:1-11, 1 Tassalunikawa 4:13-18

Duk ranar da aka yi rashi a ikilisiya, kowa ya san aikinsa ba sai an faɗa masa ba. Zumuntar mata suna gidan makoki da tukwane da waƙoƙi, dattawa suna zaune da iyalin mamaci suna shawara, fasto yana shirin wa'azi. Mu kuwa matasa, tun da asuba ake nemanmu da diga da shebur. Mu ne masu haƙa, mu ne masu ɗauka, mu ne kuma masu mayar da ƙasa bayan kowa ya juya ya tafi. Da yawanmu muna ɗaukar wannan a matsayin aikin ƙarfi kawai, wanda ya faɗo mana domin gwiwoyin dattawa sun gaji. Amma in muka buɗe Ayyukan Manzanni sura 5, za mu ga jana'iza ta farko da aka rubuta cikin tarihin ikilisiya samari ne suka yi ta. Su suka naɗe gawar Hananiya, suka fita da ita, suka binne. Bayan kamar sa'a uku suna dawowa ke nan suka tarar da ta Safiratu, suka sake ɗauka. Mu lura fa, mutanen nan biyu sun mutu ne ƙarƙashin hukunci, duk da haka ba a bar gawarsu a yashe ba.

Wannan karon muna so mu bi sawun aikin nan zuwa birnin Roma, inda ikilisiya ta fara mallakar makabarta tata ta kanta. Tarihin makabartun 'yan'uwanmu na Katolika daga nan ya faro, kuma tun da abin ya faru shekaru fiye da dubu kafin rabuwar ɗarikoki, gādon dukanmu ne.

A dokar Romawa ta dā, wadda aka rubuta wajen shekara 450 kafin haihuwar Almasihu, an hana binne gawa ko ƙona ta a cikin birni. Shi ya sa kaburbura suke jere a gefen manyan hanyoyin da suke fita daga Roma, musamman Hanyar Afiya, wadda Manzo Bulus ya bi sa'ad da aka kawo shi birnin yana ɗaure. Mai kuɗi yakan gina wa iyalinsa babban ɗaki na dutse a bakin hanya domin masu wucewa su karanta sunansa. Mai ƙaramin ƙarfi yakan shiga ƙungiya irin ta adashi, yana zuba kuɗi kowane wata domin ranar da ya mutu a yi masa jana'iza. Wanda ba shi da kowa kuwa, bawa ko baƙo ko almajirin titi, akan jefa shi ramin gayya. A zamanin manzanni yawancin Romawa ƙona gawa suke yi su zuba tokar a tulu, ko da yake daga ƙarni na biyu su ma sun fara komawa ga binnewa.

Masu bi ba su yi jayayya a kan wannan ba, domin sun gāji hanya daga Yahudawa. Fili na farko da Ibrahim ya mallaka a ƙasar alkawari kabari ne, kogon Makfela, wanda ya saya a kan shekel 400 na azurfa domin ya binne Saratu (Farawa 23). Ubangiji kansa binne shi aka yi. Yusufu mutumin Arimatiya ya ba da sabon kabarinsa, Nikodimu ya kawo kayan ƙanshi da nauyinsu ya haura kilo 30. Da aka jajjefe Istifanus, mutane masu ibada suka binne shi suka yi masa makoki ƙwarai. Jikin da aka yi wa baftisma, wanda Bulus ya kira haikalin Ruhu Mai Tsarki, wanda kuma za a tashe shi a ranar ƙarshe, bai kamata a yi da shi yadda aka ga dama ba.

Har suna suka canza wa wurin. Suka ɗauki wata kalmar Helenanci, koimeteriyon, wadda ma'anarta ɗakin kwana ne, irin inda baƙi suke sauka su yi barci, suka laƙaba wa wurin da suke binne 'yan'uwansu. Daga ita ne kalmar makabarta ta Turanci da ta Faransanci suka fito. Sun ɗauko ta ne daga bakin Yesu, wanda ya ce 'yar Yayirus barci take yi, ya kuma faɗi haka game da Li'azaru. A kan duwatsun kaburbura da yawa sukan rubuta kalmar Latin da take nufin ajiya, wato abin da aka ba wani ya riƙe za a dawo a karɓa. Mu masu jin Hausa ba mu yi nisa da wannan tunani ba, tun da muna ce wa kabari makwanci.

Da fari, masu bi da suke da filaye a bayan gari su ne suke buɗe kaburburan gidajensu domin a binne 'yan'uwa matalauta. Wajen shekara ta 200 sai abin ya ɗauki wani salo. Bishof na Roma, Zafirinus, ya ɗora wani dikon mai suna Kalistus a kan wata makabarta a Hanyar Afiya, wadda ba ta wani gida ba ce, ta ikilisiya ce gaba ɗaya. Ita ce makabarta ta farko da aka sani ikilisiyar Roma ta riƙe da sunanta. A lokacin ba su da ginin majami'a irin wanda muka sani, a gidaje suke taruwa, gwamnati kuma ba ta amince da addininsu ba. Suna cikin wannan hali suka ga cewa wurin binne matattu yana cikin abin da ya wajaba su tanada tare.

Shi Kalistus ɗin nan labarinsa abin ji ne, ko da yake wanda ya bar mana labarin abokin hamayyarsa ne, malamin da aka sani da suna Hifolitus, wanda bai ƙaunace shi ko kaɗan ba. Bawa ne na wani Kirista mai suna Karfoforus, wanda yake aiki a gidan sarki. Ubangidansa ya ba shi kuɗi ya buɗe wurin ajiya da ba da rance, gwauraye da sauran 'yan'uwa suka kawo ajiyarsu, sai kuɗin ya salwanta. Kalistus ya gudu, aka kama shi a tashar jirgin ruwa, aka sa shi aikin juya dutsen niƙa. Da aka sake shi domin ya nemo kuɗin mutane, sai ya je ya ta da rigima a majami'ar Yahudawa ranar Asabar, aka yi masa bulala aka tura shi haƙar ma'adinai a tsibirin Sardiniya, inda mutane ba su cika dawowa da rai ba. Ya kuɓuta ne sa'ad da Marsiya, ƙwarƙwarar Sarki Komodus, ta roƙa aka saki Kiristocin da suke can. Mutumin da kuɗin gwauraye ya lalace a hannunsa, shi aka ba amanar gawawwakin ikilisiya. Da a ce a wani kwamitinmu ne aka kawo sunansa, mun san yadda zaman zai ƙare. Ya riƙe amanar har ya zama bishof na Roma a 217, makabartar kuma har yau da sunansa ake kiranta.

Mene ne aikin makabartar? Akwai wani tsohon littafin tsarin ikilisiya, wanda akan danganta da wannan zamani, da ya ba da umarni a fili. Ya ce kada a tsawwala wa mutane kuɗi wajen binnewa, gama wurin na dukan matalauta ne. Abin da za a biya shi ne ladan mai haƙa da kuɗin tubalin rufe kabari. Mai gadin wurin kuwa bishof ne zai ciyar da shi, domin kada nauyinsa ya hau kan masu zuwa. A Afirka ta Arewa ma haka abin yake. Tartuliyan, wanda ya yi rubutu a Kartaj wajen shekara ta 197, ya bayyana yadda masu bi suke zuba baiko sau ɗaya a wata, kowa gwargwadon ikonsa ba tilas, ana kuma kashe kuɗin wajen ciyar da matalauta da binne su, da kula da marayu da tsofaffi da waɗanda suke kurkuku saboda bangaskiya. Binne matalauci yana layi ɗaya da ciyar da shi.

Ƙasar bayan Roma wani irin dutse ne mai taushi da aman wuta ya bari, yana da sauƙin haƙa, in ya sha iska kuma sai ya yi tauri. Da fili ya yi kaɗan, sai suka nufi ƙasa. Suka yi ta haƙa lunguna masu faɗin da mutum ɗaya zai wuce, a jikin bango dama da hagu suna sassaƙa gurabe masu tsawon mutum, ɗaya bisa ɗaya kamar kantar shago. Akan naɗe gawa da likkafani, a kwantar da ita ba akwati, a rufe bakin da tubali ko falan dutse, a shafe da siminti irin nasu. Wani a zana sunansa, wani kuma iyalinsa ba su iya rubutu ba, sai su manna ɗan tsabar kuɗi ko guntun gilashi ko abin wasan yaro a jikin shafen domin su gane wurin in sun dawo. Makabartar Kalistus kaɗai lungunanta sun kai kusan kilomita 20, hawa huɗu, zurfinta ya wuce mita 20, an kuma ƙiyasta mutum kusan rabin miliyan aka binne a ciki, har da bishof-bishof na Roma 16. Irin waɗannan makabartu na ƙarƙashin ƙasa, da ake kira katakom, sun fi 40 kewaye da birnin, wasu ma na Yahudawa ne.

Masu wannan haƙa su ne 'yan'uwanmu na sana'a. Da Latin ana ce musu fosores, wato mahaƙa. Da diga da kwando da fitilar mai suke aiki, cikin duhu da ƙura da warin gawa. Ikilisiya ba ta ɗauke su lebura kawai ba. A shekara ta 303, da hukuma ta shiga majami'ar garin Sirta a ƙasar Aljeriya ta yau domin ƙwace littattafai, takardar da aka rubuta ta lissafa ma'aikatan ikilisiya da aka tarar, bishof da dattawa da dikononi, sai ga mahaƙa a cikin jerin da sunayensu. A wata katakom ta Roma an zana hoton wani mahaƙi mai suna Diyojinis a kan kabarinsa, diga a kafaɗa, fitila a hannu. Gaskiya kuma sai an faɗe ta duka. Bayan tsanani ya wuce, mutane suka fara rububin a binne su kusa da shahidai, wasu mahaƙan suka mayar da abin kasuwa, suna sayar da gurabe masu tsada, har ana fasa tsofaffin zane domin a sami wuri. Ba yau aka fara cin riba da makoki ba.

Hotunan da suka zana a bangon sun nuna abin da yake zuciyarsu. Yunusa yana fitowa daga bakin kifi, Li'azaru yana tsaye a ƙofar kabari da likkafaninsa, Daniyel tsakanin zakoki, Nuhu cikin jirgi, makiyayi da tunkiya a kafaɗa. Kusan duka labarai ne na wanda ya shiga wurin da ba a fita, Allah kuma ya fito da shi. A nan za mu gyara wani abu da mukan ji a wa'azi, cewa Kiristoci sun zauna cikin ramukan nan shekara da shekaru suna ɓuya. Masana tarihi ba su yarda da haka ba. Hukuma ta san wuraren sarai, iskar ciki kuma ba ta zama ba ce. Sukan shiga ne domin jana'iza da tunawa da ranar mutuwar shahidai.

Maƙiyan ikilisiya sun gane muhimmancin wannan tun da wuri. A shekara ta 177 aka kashe masu bi da yawa a Liyon, a ƙasar Faransa ta yau. Wasiƙar da waɗanda suka tsira suka aika ta ce an bar gawawwakin a fili kwana shida da sojoji suna gadi, an ƙi karɓar roƙo, an ƙi karɓar kuɗi, daga baya aka ƙone su aka share tokar cikin kogin Ron. Masu yin haka sun faɗi dalilinsu, wai su ga ko waɗannan za su tashi. 'Yan'uwan sun rubuta cewa rashin samun binne su ya yi musu ciwo ƙwarai. A 257 Sarki Baleriyan ya hana Kiristoci taro, ya kuma hana su shiga makabartunsu. Ranar 6 ga Agusta 258 sojoji suka tarar da Bishof Sistus na biyu yana zaune yana koyarwa a makabarta, suka kashe shi tare da dikononi huɗu. Bayan kwana huɗu aka kashe babban dikonsa Lorens. Da Galiyenus ya gāji mulki wajen 260 ya dakatar da tsananin, cikin abin da ya ba da izini a mayar wa bishof-bishof har da makabartu.

A cikin waɗannan shekaru ne annoba ta ratsa daular. Diyonisiyus, bishof na Iskandariya a Masar, ya rubuta yadda masu bi suke rungumar gawawwakin 'yan'uwa, su rufe musu ido da baki, su yi musu wanka, su naɗe su, su ɗauke su a kafaɗa, ba da jimawa ba kuma su ma a yi musu haka, domin cutar ta kama su. Yabon mutanensa yake yi, mai so zai iya rage wani abu. Amma akwai shaidar da ba za a ce ta son kai ba ce. Bayan shekara ɗari, Sarki Yuliyan, wanda ya taso cikin ikilisiya ya juya mata baya yana ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban firist na gumaka a Galatiya a 362 yana ƙorafi. Ya lissafa abubuwan da suka sa addinin Kirista ya yaɗu, ya ambaci alherinsu ga baƙi, da kamun kai a zamansu, da kulawarsu da kaburburan matattu. Ya umarci firistocinsa su kwaikwaya.

Labarin Liyon ya taɓa mu a wuri mai ciwo. Akwai a cikinmu waɗanda aka binne nasu da yawa a rami ɗaya cikin gaggawa, akwai waɗanda ba su ga gawar ba sam. Tambayar da take damun irin waɗannan iyalai an yi wa Agustin, bishof na Hifo a Afirka ta Arewa, ta wata fuska. Wata gwauruwa mai suna Flora ta roƙa a binne ɗanta kusa da kabarin wani waliyi a Nola ta ƙasar Italiya, bishof na wurin, Faulinus, ya yarda, sa'an nan ya rubuta wa Agustin yana tambaya ko hakan yana amfanar mamaci. Wajen 421 Agustin ya amsa da ɗan littafi a kan kula da matattu. Ya kawo shahidan Liyon misali, ya ce ba abin da suka rasa, gama Allah ya san inda kowane ƙwayar jikinsu take. A ganinsa, shirin jana'iza da kyan kabari da yawan jama'a ta'aziyya ce ga masu rai fiye da taimako ga wanda ya tafi. Duk da haka ya ƙi yarda a rena jiki. Ya ce in rigar mahaifi ko zobensa suna da daraja a wurin 'ya'yansa, balle jikin da ya fi kowace riga kusa da mutum.

Ya koyi wannan a gida. Mahaifiyarsa Monika ta riga ta shirya wa kanta kabari kusa da na mijinta a garinsu Tagaste, ta daɗe tana burin a haɗa su. A 387 suna hanyar komawa Afirka, ciwo ya kama ta a Ostiya, tashar jirgin ruwan Roma. Ɗanta ɗaya ya nuna damuwa cewa za ta mutu a baƙuwar ƙasa. Ta tsawata masa, ta ce su binne ta ko'ina, kada abin ya dame su, su dai riƙa tunawa da ita a gaban bagaden Ubangiji. Tun kafin wannan ta gaya wa wasu abokai cewa ba ta tsoron Allah zai rasa inda zai tashe ta. A Ostiya aka binne ta tana da shekara 56. A 1945 wasu yara biyu suna haƙa rami domin kafa sandar wasan ƙwallo a harabar wata majami'a a garin, sai suka ci karo da guntun dutsen kabarinta.

Ba muna cewa kai gawa gida laifi ba ne. Yusufu ma ya sa 'yan'uwansa suka rantse za su tafi da ƙasusuwansa daga Masar. Amma mun ga gidajen da gawa ta yi wata biyu a ɗakin ajiya na asibiti ana jiran a tara kuɗin mota da anko da kanofi da abinci, bayan an watse gwauruwa ta zauna da bashi, yara suka bar makaranta. Maƙwabtanmu Musulmi, mai kuɗi da talaka, likkafani ɗaya ne da makara ɗaya, kafin rana ta faɗi an gama. Ba sai mun yi daidai da su ba, amma wanda ya karanta umarnin nan na ladan mai haƙa da kuɗin tubali zai ga tsohuwar ikilisiya ta fi kusa da wannan sauƙi fiye da abin da muke yi yanzu. Wasu daga cikin waɗanda suka nufo ƙasarmu da bishara a dā ma ba a kai su gida ba. Walter Gowans ya mutu a Girku, Thomas Kent a Bida, duka a 1894.

Ƙarnukan da suka biyo za mu ratsa su da sauri. Bayan ikilisiya ta sami 'yanci, aka gina majami'u a kan kaburburan shahidai, sannu a hankali matattu suka shigo cikin gari suka kwanta kewaye da majami'a, yawanci ƙafafu wajen gabas domin su fuskanci zuwan Ubangiji. Wajen 785 Sarki Sharlaman ya kafa wa Saksawa dokar kisa ga duk wanda ya ƙona gawa, abin da ya fara da ƙauna ya koma dole da takobi. Wajen shekara ta 1000 Odilo, shugaban gidan sufaye na Kuluni, ya keɓe 2 ga Nuwamba domin tunawa da dukan masu bi da suka rigaya, har yau Katolika suna kiyaye ta. Bambanci ma ya dawo, manya a cikin majami'a kusa da bagade, talaka a ramin gayya a waje. A Faris wata tsohuwar makabarta ta cika ta batse har bangon ɗakin ƙasa na wani maƙwabci ya rushe, aka rufe ta a 1780, a 1804 kuma Nafoliyon ya ba da doka a mayar da makabartu bayan gari, kowane mamaci da raminsa.

A yau dokar Ikilisiyar Katolika ta 1983 ta tsara abin dalla-dalla, kuma akwai abin koyo a ciki ko ga wanda ba ɗan ɗarikar ba. Ta ce inda zai yiwu ikilisiya ta kasance da makabartarta, ko a keɓe mata wani sashe a makabartar gari a sa masa albarka, in hakan bai samu ba a sa wa kowane kabari albarka shi kaɗai. Ta ce kada a nuna fifiko tsakanin mutane wajen jana'iza, kada kuma a hana matalauci jana'izar da ta dace saboda rashin kuɗi. Masu koyon bangaskiya da ba a kai ga yi musu baftisma ba ana yi musu jana'izar masu bi, akan kuma yarda a yi wa jaririn da iyayensa suka yi niyyar kawo shi baftisma amma ya riga ya tafi. Bayan an binne, wajibi ne a shigar da sunan cikin littafin matattu na ikilisiya. Hidimar kanta mataki uku ce, zaman addu'a na dare tare da iyali, Mas a majami'a, sai miƙa jiki a bakin kabari. Ƙona gawa, wadda aka haramta a 1886, an sassauta ta a 1963, amma umarnin 2016 ya ce tokar a ajiye ta a keɓaɓɓen wuri kamar makabarta, kada a watsa ta a ruwa ko iska, kada a raba wa dangi.

Akwai inda muka bambanta, ba kuwa za mu ɓoye ba. Katolika suna yi wa matattu addu'a, suna gaskata cewa roƙon masu rai yana taimakonsu, Agustin ma haka ya gaskata. Ikilisiyoyin da suka fito daga gyaran ƙarni na 16 ba su karɓi wannan ba, suna miƙa mamaci ga Allah su yi wa masu rai addu'a. Amma share ciyawa da gyara katanga da rubuta suna ba su jiran a warware wannan muhawara. Mu tambayi kanmu, sakataren ikilisiyarmu yana da littafin da ya nuna wa aka binne a ina? Filin makabartarmu yana da takarda, ko kuwa gidaje suna cinsa ta gefe? Yawancinmu mun taɓa haƙa sabon kabari muka ci karo da tsohon, domin gicciyen katakon da aka kafa gara ta cinye shi tun damina uku da suka wuce, wanda ya san wurin kuma shi ma ya tafi.

Roma ma ta taɓa mantawa. Bayan yaƙe-yaƙe sun lalata bayan gari, a ƙarni na 8 da na 9 aka kwashe ƙasusuwan shahidai zuwa majami'un cikin birni, ƙofofin katakom suka toshe, aka yi gonakin inabi a kai. Sai a 1578 wasu ma'aikata suna haƙa a wata gona suka faɗa cikin wani lungu mai zane a bango. Makabartar Kalistus kuwa ba a gane ta ba sai 1849, sa'ad da wani saurayi mai shekara 27, Giovanni Battista de Rossi, ya tsinci guntun dutse a wata gonar inabi a Hanyar Afiya, da haruffa NELIUS MARTYR a jiki. Ya san daga tsofaffin rubuce-rubuce cewa a wannan yanki aka binne Bishof Karniliyus, wanda ya mutu a gudun hijira a 253. Ya lallashi Fafaroma Fiyus na tara ya sayi gonar. Da aka haƙa, aka sami sauran rabin dutsen a bakin kabarin, ya dace da guntun. A 1854 ya isa ɗakin da aka binne bishof-bishof na ƙarni na uku, aka tattara gutsattsarin duwatsu aka haɗa, sunaye suka fito da haruffan Helenanci, Anteros da Fabiyan da Lukiyus da Yutikiyanus, daga baya kuma aka sami na Fontiyanus. Shi Fontiyanus a ramukan ma'adinai na Sardiniya ya mutu, inda Kalistus ya taɓa zama, ikilisiya kuma ta bi ta ɗauko gawarsa ta haye teku da ita.

Kalistus kansa ba ya cikinsu. Bisa ga abin da aka gāda, an kashe shi a wani tarzoma a unguwar da take hayin kogin Tiber a 222, 'yan'uwa suka ɗauke shi zuwa makabartar da ta fi kusa, a Hanyar Aureliya, can wani gefen birnin. A 1960 aka gano kabarinsa a wurin.